Ranar da Ya Sauke Sirdi

Shin maigidana ya san tafiya zai yi, ranar da ya sauke sirdin kekensa? Har yau ban samu amsa ba. Jiya na ga wani yaro yana tuƙa keke, ƙugunsa na karkata dama da hagu, sai hawaye suka zubo mini. Shi ne na ce jikata ta zauna ta rubuta.

Maigidana dogon mutum ne. Tun farkon fitowar naira, da keken nan yake kai gishiri da kananzir daga Kazaure zuwa kasuwar Roni, da shi muke ci. Ba ya yarda kowa ya taɓa sirdin.

Da ciwo ya kwantar da shi, 'yan'uwansa suka ce a sayar da keken, tunda ƙafar autanmu ba ta kai feda. Rannan da hantsi ya sa na tallafe shi zuwa gindin darbejiya. Ya shiga sauke sirdin keken, sifana na kuɓuce masa, baƙin mai ya ɓata masa riga.

Ya ce wa auta, "Hau, gajere. Ɗora diddige a kan feda. Gwiwa ta ɗan lanƙwasa, kada ta miƙe sarai."

Ya ɗaure sirdin tamau, ya jijjiga shi. Auta ya zagaya unguwa yana buga ƙararrawa, kuma keken ya ci gaba da ciyar da mu. Allah ya haskaka kabarinsa.

Rannan, ina mayar da shi ɗaki ya riƙe hannuna, ya ce, "Innar yara, kada ki bari ya ɗaga shi don ya yi kama da ni. Ƙafarsa za ta kai da kanta."