Ƙafar Maigidana da Dokar Mama

Tun ina budurwa a Dilimi nake jin muryar 'yar majalisarmu a rediyo. Tsohuwar malamar firamare ce daga Kabong, kuma Musulmi da Kirista kowa Mama yake ce mata. Zaɓe bayan zaɓe muna mayar da ita, ita kuwa magana ɗaya take nanatawa a zauren majalisa: wanda ya yi hatsari a fara yi masa magani, takardar 'yan sanda ta biyo baya. Abokan aikinta har tsokanarta suke yi, wai kaset ɗinta ya maƙale. Sai da ta yi furfura suka amince abin ya zama doka.

Ni a lokacin hankalina yana kan wani mai keke, dogo mai wushirya, wanda in ya zo ƙofar gidanmu sai ya rage gudu, wai gyara madubi yake. Shi na aura.

Ina da cikin fari tifar yashi ta buge shi a hanyar Nasarawa Gwom. Na iske shi kwance kan benci a asibiti, ƙafar dama a karye, jini ya jiƙe wandon. Ma'aikacin da ke karɓar marasa lafiya ya ce ba mai taɓa shi sai an kawo rahoto daga caji ofis, haka aka saba. Ina cikin roƙonsa wata nas Bayarabiya ta turo gado tsakaninmu.

"Oga, dokar Mama ta hana wannan jiran," in ji ta. "Kama kafaɗunsa mu ɗora shi."

Daga baya likita ya gaya mini da an ƙara jinkiri, da sai an yanke ƙafar.

Ranar da Mama ta ajiye siyasa aka yi mata taron bankwana a filin wata makaranta. Maigidana ya ce yau ba zai hau komai ba. Ya ɗora 'yarmu a wuya, muka taka har can. A gaban Mama ya naɗe wando, ya nuna mata tabon, ya ba ta labari. Ta leƙa ta saman tabarau ta ce, "To ɗana, tana aiki kuwa?"

Ya sauke yarinyar ya faɗa tsakiyar makaɗa yana taka rawa. Ranar yamma ta haske fuskarsa, na bi shi da kallo kamar ban taɓa ganinsa ba. Mama ta miƙo mini sandarta, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta bi shi fili.