Iyakar Inda Kira Ya Kai

Shekarar da korona ta kulle duniya ina gadi ne a ƙofar wani dogon bene a West Bay, cikin Doha. Aikina in auna zafin goshin mutum, in duba wayarsa ko ta nuna kore, alamar ba shi da cutar, in ce ya wuce. Galibin masu shiga ma'aikatan mai da iskar gas ne, ga ƙamshin turare, amma ba wanda ya taɓa kallon fuskata. A ƙarƙashin rigar aikin kuwa akwai laya ɗaure a damtsena na hagu. Inna ce ta sa baduku ya ɗinke ta, ta ba ƙanwata ta miƙo mini ranar da zan baro gida. Ban yarda da laya can-can ba, amma ban taɓa iya cire ta ba.

A wannan shekarar ce aka turo hoto a zauren WhatsApp na 'yan garinmu. An kakkafa turaku masu jan fenti a saman idon ruwa. Garinmu a gindin dutse yake, rijiya ba ta yi, duk inda aka haƙa sai a tarar da falalen dutse. Ruwanmu ɗaya ne, wanda ke tsattsafowa daga ƙarƙashin dutsen. Shi muke sha, shi dabbobi ke sha, da shi ake wanke jariri da gawa. Turakun kuwa alamar inda za a binne bututun mai ce. Waɗanda suka yi ci-rani a kudu sun ga abin da bututu ke yi in ya tsufa ko ɓarayi suka huda shi. In ya tsiyaya sau ɗaya a wannan wuri, garin ya tashi ke nan.

Mata suka kwashi tuluna da jarkoki suka je suka zauna a hanyar motocin kamfanin da zai binne bututun. Baffa, ƙanen mahaifina, ya zama shugaban ƙungiyar kare ruwa. Ni kuma aka naɗa ni wakilin ƙasashen waje, muƙamin da na samu babu hamayya, don ni kaɗai ne a wajen. Umarni na farko da Baffa ya ba ni shi ne in yi zanga-zanga a Qatar, duniya ta san halin da ake ciki.

Na kai maganar ga wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da gadonsa ke ƙarƙashin nawa a ɗakinmu. Shara yake yi a filin jirgin Hamad, kowa Baba yake ce masa. Hausarsa ta Zango ce, ba ruwanta da raba mace da namiji. Ya saurare ni har na gama.

“A nan?” in ji shi. “Ɗana, ka fita da kwali da safe, kafin azahar kana cikin jirgi, khalas, shi ke nan. Kuma ni zan share inda ka zauna.”

Saboda haka a ɗaki na yi zanga-zangata, tsakanin gadaje da igiyar shanya. Na yage kwalin ruwan gora na rubuta a bayansa cewa a bar mana ruwanmu, na sa takunkumi, Baba ya ɗauke ni hoto. Da na tura, Baffa ya ce wannan ko ɗan Indiya ne ba mai ganewa, in cire ƙyallen. Na cire aka sake. Kwana uku ina zaton korata za a yi duk lokacin da shugabanmu na aiki ya nufo ni. Ba a daɗe ba cutar ta tsayar da kowane aiki a can gida ma, motocin suka kwashe suka bar turakun. Mata suka ce su ne suka kore su, liman ya ce addu'a ce. Ni ban musa wa kowa ba, amma a raina na san hoton ya yi nasa aikin.

Bayan shekara biyu, daidai lokacin da Doha ta cika da tutoci saboda gasar cin kofin duniya, motocin suka dawo. Wannan karon gwamnati ta kafa kwamitin da zai saurari kukanmu. Wani lauya ɗan garinmu ya ce zaman dirshan ya yi, amma kwamiti takarda yake ci. Sai kowa ya tuna da takardar.

Lokacin da Bature ya zo zai mayar da dajinmu gandun gwamnati, kakan mahaifina ne Sarkin Ruwa. Ya ƙi motsawa daga bakin idon sai da aka rubuta masa alkawari aka buga hatimi. Kowa a garin ya san da wannan takarda, kowa yana rantsuwa da ita, amma a cikin masu rai babu wanda ya taɓa karanta ta. An dai san tana cikin akwatin ƙarfen marigayi mahaifina. Baffa ya tara dattawa aka buɗe akwatin a gabansu. Aka sami tsofaffin hotuna, da carbi tsinkakke, da kashin ɓera.

Gari ya ɗauki zafi. Wasu suka ce ɓera ne, wasu suka ce ɓeran nan da hula yake yawo. Ni a lokacin an hana mu hutu saboda gasar, tsayuwa muke yi har ƙafa ta kumbura, kuma dama ba a san ni da haƙuri ba. Na danna waya na yi saƙon murya na minti tara. Na ce duk wanda takardar nan take jikinsa, yana ji yana gani ya yi shiru, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Na ce Allah ya hana shi sukuni, ya tona asirinsa a bainar jama'a. Amin ta yi ta sauka a zauren kamar ƙanƙara. Baffa ya daina amsa gaisuwata, don ya ɗauka da shi nake. Gaskiya kuwa da shi nake.

Saura mako biyu kwamitin ya zauna, ran wata Juma'a bayan mun dawo daga masallaci, ina cire riga layar ta faɗo ƙasa. Fatar ta ruɓe. Gumin Doha ya ci rabonsa, sauran kuma laifina ne, don duk tsawon korona kullum sai na shafa mata sanitaiza. Tunanina shi ne tunda tana tsare ni, ni ma in tsare ta. Baba yana da basilla da zare, shi ke gyara mana takalma. Ya ce in kawo ya sake mata sabuwar riga, amma sai an fito da takardar ta sha iska.

“Baba, ai ba a buɗe laya,” na ce. “Karyewa take yi.”

“Wannan ya riga ya buɗe kansa. Yalla, kawo.”

Ya warware ta a hankali a kan cinyarsa, ninki bayan ninki, ya sa tabarau. Baba ya yi karatun allo mai zurfi kafin duniya ta miƙa masa tsintsiya. Na ga ya kai takardar kusa da taga, ya dawo da ita, ya leƙo ni ta saman tabarau.

“Ɗana, tun yaushe aya ya fara zuwa da hatimin Bature?”

Ajami ne, Hausa tsantsa. Ya bi da yatsa yana karantawa. Na ji sunan garinmu, na ji sunan kakan mahaifina. Takardar ta ce idon ruwan da ƙasar da ke kewaye da shi, iyakar inda kiran mutum ya kai in ya tsaya a bakin ruwan, na mutanen garin ne da jikokinsu, ba mai haƙawa, ba mai shingewa. Na zauna a gadon wani ɗan Nepal ban ma nemi izini ba.

“Mamanka ya ɗaura maka gari guda a hannu,” in ji Baba. Ya yi ta dariya har da tari. Shi ma ya ce amin a kan saƙon nan nawa, don a gabansa na yi shi.

Na kira ƙanwata na ce ta kai wa Inna waya. Bayan gaisuwa na tambaye ta inda ta samo rubutun da aka sa a layar.

“A akwatin malam,” in ji ta, tana nufin mahaifina. “Na duba duka, na ga ita ta fi tsufa, na ce ita za ta fi ƙarfi.”

“Inna, takardar ruwa ce. Wadda ake nema.”

Na zaci kunyar gari za ta ji, na fara shirya kalmomin lallashi.

“Wato duk shekarun cutar nan,” ta ce, “ba komai a jikinka?”

Na ce ga shi dai Allah ya tsare. Ta ce haka ne, ta miƙa wa ƙanwata wayar. Ƙanwar tawa ta ce mini Inna ta shige ɗaki ta sakaya ƙofa. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, har na manta da abin da ke jirana a zauren.

Na ɗauki hoton takardar na tura, na bi da bayani mai gajarta, don wannan karon minti tara ba ta samu ba. Na nemi gafarar Baffa a gaban kowa. Washegari da safe sai ya turo mini saƙona na Allah ya isa, ba tare da ƙarin ko kalma ba. Haka ya yi ta yi kullum har mako guda, kamar mai ba ni magani. Ainihin takardar kuwa wata nas 'yar Jos da ke zaune a unguwar Nu'aija a nan Doha ce ta tafi da ita, da yake ita ta samu hutu. Ta sa ta a tsakiyar Littafinta Mai Tsarki, ta ce in ta ɓace to tare za su ɓace.

Kwamitin ya karanta takardar. Injiniyan kamfanin ya ce kiran mutum ba awo ba ne. Lauyanmu ya ce da shi aka auna tun farko, sai a auna da shi yanzu. Shugaban kwamitin, wanda aka ce ya gaji da zama a ofis, ya ce a je a gwada. Za a tsayar da mai kira a bakin ruwa, ma'aikacin kwamiti ya yi ta tafiya da tuta a ɗage, inda ya daina ji ya sauke. In tutar ta wuce turakun tana sama, bututu ya shiga ƙasarmu. Baffa ya nemi a yi da lasifikar masallaci, aka ce zamanin Bature babu ita.

Ranar gwajin ta zo daidai da hutuna na cin abincin rana. Na zauna a ɗakin ma'aikata a ƙasan benen, abokan aiki suna ta gardamar wasan jiya, ni kuma ina kallon garinmu a waya, ƙanwata tana riƙe da tata. Na ga dutsen, na ga ruwan, na ga mutanen da na shekara huɗu ban gani ba.

Ladan aka zaɓa, wa zai ja da wannan? Sai dai bawan Allah ya kwana uku yana atisaye a bayan gari. Da ya buɗe baki abin da ya fito ko akuyar da ke kusa ba ta ɗago kai ba. Aka jawo wani mahauci mai ƙaton wuya. Ya yi ƙoƙari, tutar ta yi nisa, amma ta sauka saura kaɗan ta kai turakun. Injiniyan ya fara naɗe taswirarsa. Shugaban kwamitin ya ce mutum ɗaya ya rage, daga shi an rufe. Na ajiye cokali.

Sai na ga mata suna turo Inna gaba. Suna cewa tun tana amarya ita ke kiran maza daga gonakin bayan rafi in abinci ya sauka. Ta tsaya a bakin ruwan tana gyara mayafi, ta ƙanƙance fiye da yadda na bar ta.

“Wa zan kira?” ta tambayi Baffa.

“Kowa ma. Ki dai ɗaga murya.”

“Ai ba a kiran kowa. Kira sai da mai shi.”

Wata tsohuwa daga baya ta ce, “To kira wanda ya fi nisa mana.”

Ni ne ɗan farin Inna. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Sai dai ta ce kai, ko wannan, ko yayanku. Ta sunkuyar da kai jim kaɗan, sannan ta kafa hannu biyu a gefen baki, ta juya gabas, ta kira sunana na yanka, ta ja shi har muryar ta bugi dutsen ta dawo. Ta sake. Ta sake na uku.

Sauran labarin daga baya na ji shi. An ce tutar ta wuce turakun tana sama, ta ci gaba har mai riƙe da ita ya shige cikin dawa. An ce Baffa ya jefa hularsa sama bai sake ganinta ba. Takardu sun ɗauki wata da watanni, an yi ta kai da kawo, amma a ƙarshe ta can bayan dutse aka bi da bututun. A lokacin ban ga ko ɗaya daga ciki ba, hawaye sun rufe mini ido.

Na dai san na miƙe tsaye, kujerar ta faɗi a bayana, masu gardamar ƙwallo suka juyo suna kallona. Wayar ƙanwata tana can nesa da Inna, hayaniya ta cika wurin, ba yadda za a yi ta ji.

Na ce, “Na'am, Inna.”