Ƴar Akuyar da Aka Binne da Sunana

Har yanzu in ruwan sama ya taɓa jikin akuya, warin nan ya taso, sai in bar wurin. Shekaranjiya ana yayyafi akuyar maƙwabta ta fake a zaurenmu, na zo wucewa da kwanon tuwo, hannuna ya saki, kwano ya kife. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko na samu sauƙi. Ka yi mini haƙuri, mai karatu, ba zan ambaci sunan kowa ba. Nan gaba kaɗan za ka ga dalili.

An haife ni a wani ƙauye arewa da Matankari, a gindin dutse, inda rairayi yake ja kuma gero ke wuce kan mutum in damana ta yi kyau. Damanar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, ni ban ga komai ba, ina kwance. Zazzaɓi ne irin wanda ya ɗauke yayyena, ɗaya bayan ɗaya, duk a lokacin da gero ya fara fitar da kai. Kakata, mahaifiyar babana, ta ce ba zazzaɓi ba ne kawai, doguwa ce, aljanar da ke zaune a tsamiyar bakin fadama, ta gane hanyar ɗakin innata. Babana kuwa ya riƙe salla sosai a shekarun nan, ba ya son irin wannan magana. Amma ranar da idanuna suka fara juyewa, ya saɓa hauyarsa ya tafi gona. Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba.

Abin da nake tunawa gutsure-gutsure ne. Kaka ta shigo da ƴar akuya ja, jiƙe da ruwa, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Ta kwantar da ita a tabarmata, ta rufe mu da zane ɗaya. Furar da aka dama a ƴar ƙwaryata, ni na kurɓa, ita ta shanye sauran. Ina tuna ɗumin cikinta a bayana, da zuciyarta tana bugawa da sauri fiye da tawa. Da gari ya waye kaka ta kwance jigidata ta ɗaura mata, ta sa mata kwalli, ta yafa mata zanena. Duk da ciwon sai da na yi dariya, na ce kaka ta yi wa akuya kwalliya. Ba wanda ya taya ni. Sai kaka ta ɗauko karan gero ta ja shi a wuyana, a hankali, daga wannan kunne zuwa wancan. Sannan aka fita da akuyar.

Gwaggona ta naɗe ni cikin tabarma kamar kaya, ta fitar da ni ta bayan darni zuwa gidansu. Daga can na ji kuka ya ɓarke a gidanmu, muryar innata a saman ta kowa, tana kiran sunana. Na buɗe baki in ce ga ni nan, gwaggo ta toshe mini shi da tafin hannunta.

Da aka maido ni gida an aske mini kai, an raɗa mini wani suna. Kaka ta kama haɓata ta ce, “Wancan suna ya mutu, mun bizne shi. In kinka ji an kira shi, gida ko daji, kar ki amsa, kar ki waiwaya.”

Na warke. Yaro kuwa ba shi da riƙo. Shekaru suka tafi, aka zo ɗaukar yaran lakkwal, wato makarantar boko, aka kai ni Dogon Dutsi, daga nan na ci jarrabawa aka tura ni kwalej a Doso. In abin akuyar ya faɗo mini a rai, sai in ce mafarkin zazzaɓi ne.

Malamin da ke koya mana tarihi, wanda muke kira mushe, mutumin Dahome ne, dogo, kullum da ƙurar alli a gwiwar hannunsa. Shi ya fara ba mu labarin mutanen Mesofotamiya, waɗanda suka zauna tsakanin kogin Dajla da Furat tun dubban shekaru. Na so mutanen nan tun ranar farko. Gidajensu na laka ne kamar na Dogon Dutsi, in zafi ya matsa su hau rufi su kwana. A kan ɗanyar laka suke rubutu da tsinken kara, su shanya ta bushe. Suna cikin waɗanda suka fara aiki da ƙafar amalanke, suna da garma mai zuba iri tana tafiya, kuma daga lissafinsu aka samo raba awa gida sittin. Da mushe ya ce giya suke sha a tulu ɗaya, kowa da karan zuƙarsa, wani yaro Bazabarme a bayan aji ya ce, “Ashe Arawa ne!” Da ƙabilarmu yake, aka kwashe da dariya, har da ni, ina nuna masa yatsa.

Wata safiya mushe ya zo kan abin da suka yarda da shi. Ya ce a ganinsu akwai sarauniya a ƙarƙashin ƙasa, in ta ƙyalla ido a kan mai ciwo ba ta komawa hannu wofi, sai dai a ba ta wani a madadinsa. Don haka masu maganinsu sukan kawo ƴar akuya, ta kwana da mai ciwon. A ciyar da ita, a sa mata tufafi, a sa mata kwalli. A taɓa wuyan mai ciwo da wuƙar icce, ita kuma a yanka ta da wuƙar gaske. Sannan a ce wane ya mutu, a yi kuka, a binne ta kamar mutum.

Aji ya sake ɗaukar dariya. Ni kuwa na ji karan nan a wuyana, daga kunne zuwa kunne, kamar yanzu ake jan sa. Ban nemi izini ba, na fita, na durƙusa gindin iccen dogon yaro ina amai. Ashe ba mafarki ba ne. Ashe akwai kabari a bayan gidanmu mai ɗauke da sunana, innata ta yi kukan mutuwata ina jin ta. Kuma wa ya koya wa kaka? Matar da ba ta taɓa wuce kasuwar Matankari ba, ta yi abin da aka danna a laka a wata ƙasa tun kafin a kafa ƙasarmu ta Arewa.

Da hutun damana na koma gida da niyyar in tambaye ta, amma kullum sai in kasa. Ana haka ƙanen babana ya dawo. Baba ƙarami ya tafi Kumasi tun ina tatata, kafin ciwon nan, ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa, balle a gaya masa abin da aka yi. Rana tsaka ina surfe a tsakar gida, na ba ƙofa baya, ya shigo da akwatin ƙarfe a kai. Ya hango tabon da ke ƙeyata, wanda na samu ranar da na faɗo daga jakinsa. Sai ya ɗaga murya ya kira sunan, ya ja shi dogo yadda yake yi mini da.

“Na'am!”

Wallahi ban san lokacin da ya fita daga bakina ba. Kuma na waiwaya.

Kaka tana zaune a inuwar rumbu tana kaɗi. Mazari ya faɗi. Ta tashi, tsohuwar da sai da sanda, ta taka har gaban ɗan da ta daɗe da fid da rai da shi, ta wanke shi da mari tun bai sauke akwatin ba.

“Inna, mi na yi? Ba sunanta ba ne?” in ji baba ƙarami.

“Ka shigo da akwati, ka tone mini kabari,” in ji ta.

Innata ta zauna daɓas a ƙasa. Babana ya ce a kwantar da hankali, zai sa malam ya yi rubutu, kuma yanzu ai akwai kinin, maganin zazzaɓi. Baba ƙarami da ya ji labarin ya ce shi zai sayi akuya, ko goma ake so. Kaka ta girgiza kai. “Sau guda aka ruɗin doguwa da akuya. Yanzu ta san warinta.”

Washegari na tashi na nemi zanen da nake ɗaurawa na rasa. Na fito na tarar da shi a jikin kaka. Ƙwaryar furata tana hannunta, tabarmata kuma an ja ta zuwa ɗakinta. Ta tara mutanen gida ta ce daga yau sunan nan nata ne, da shi za a kira ta, wanda ya ce mata kaka ba ta amsawa. Mata a bakin rijiya suka yi ta dariya, suna cewa tsufa ya maida ta budurwa. Ni kaɗai da innata ba mu yi dariya ba.

Na bi ta ɗaki na kama bakin zanen ina ja. Na ce sauro ke kawo zazzaɓi, an koya mana. Da na ga ba ta saurare ni, sai na zazzage mata labarin mutanen laka da akuyarsu, don ta ga tsohon abu ne da duniya ta wuce. Ta saurara har ƙarshe, ido a lumshe.

“Mutanen ga naku sun san abin da suka yi. Ina garinsu, gaba da Sakkwato?”

“Nesa ƙwarai, kaka. Kuma sun ƙare, garuruwansu sun zama tudu.”

“Kowa ƙarewa shika yi, ƴar lakkwal. Mushen naku ya ce mai ciwon ya tashi?”

Na ce bai faɗa ba.

“Ke kin tashi. Sake mini zane.”

Na ƙi kiran ta da sunan har ƙarshe. Amma yaran gida abin wasa suka ɗauke shi, suna kira tana amsawa da ƙarfi, “Na'am, ga ni!” fuskarta a wajen fadama. Ta koma ɗiban icce gindin tsamiyar da ko makiyaya ba sa hutawa. Da gero ya fara fitar da kai, tari ya kama ta. Babana ya ɗora ta a jaki zuwa gidan likita a Dogon Dutsi, aka ce sanyi ne ya shiga ƙirji, ga shekaru. Ta haɗiye ƙwayoyin da aka ba ta ba gardama. Ranar da na kai mata kunu na ƙarshe, ta dube ni ta ce, “Ki ci tuwo, kin rame kamar ke ad da ciwon.” Ba ta ga girbi ba. Ni ko ciwon kai ban yi ba damanar nan.

Abin da har yau yake hana ni sukuni shi ne babana. Da za a aiki mutum ya sanar da dangi a ƙauyuka, ɗan aiken ya tsaya yana jiran abin da zai faɗa. Babana, mai salla, mai rubutun malam, ya ce a je a ce wance ta rasu. Da tsohon sunana ya faɗa. Baba ƙarami kuwa tun ba a watse daga makoki ba ya ɗauki akwatinsa ya koma Kumasi.

Da aka buɗe kwalej na jira aji ya fita, na tsaya gaban mushe. Na tambaye shi ko a wurin mutanen nan mutum ya taɓa tsayawa a madadin mutum. Ya ji daɗin tambayar. Ya ce ƙwarai, in wata ya yi husufi masu duba suka ce sarki zai mutu, sai a ɗauko wani a sa masa rigar sarauta a zaunar da shi kan kujera, sarki ya ɓuya ana kiran sa manomi. In wa'adi ya cika, wancan ya mutu, a binne shi da girma. Na ce to shi sarkin fa? Ya ce a yi masa wanka, ya sa sabbin tufafi, ya koma kan kujerarsa.

Yanzu an buɗe ɗakin magani kusa da ƙauyenmu. In yaro ya kwanta, akuyar, kasuwa ake kai ta a sayo ƙwaya da kuɗinta, kuma yaran suna tashi, na gode wa Allah. Na san abin da likita ya ce game da ƙirjin kaka, kuma ban ce ƙarya ya yi ba. Ni ma an saya mini sabon zane, na koma kan bencina na gama karatu. Abin da lakar ba ta faɗa ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya, shi ne ko sarkin nan ya taɓa daina rawar jiki.