Mai Kujera, Wadda Ke Juya Tambayar Aure

Kafin rana ta yi zafi ta riga ta bar ofishin ƙididdiga, jaka a kafaɗa, 'yar kujerar katako a hannu. Kujerar nan ita ta jawo mata laƙabin da ya danne sunanta na gaskiya: Mai Kujera. Wasu ma'aikatan kan tsaya a bakin ƙofa su jero tambayoyi kamar masu kiran suna a aji. Ita kuwa sai ta yi sallama, ta nemi inuwa ta zauna, ta tambayi lafiyar yara, har ta akuya in akwai. Shugaban sashensu ya yi mitar rashin saurinta har ya gaji ya ƙyale ta. A watan nan take ajiye aiki, kuma bai kamata ta tafi shiru ba.

A aikin ƙidayar jama'a babu tambayar da ke sa ma'aikaci gumi kamar ta aure. Yadda aka tsara, za a fara tambayar mutum ko yana da aure, ko sun rabu, ko abokin zama ya rasu, sannan a tambaye shi yana da shekara nawa ya yi auren fari. Mai Kujera juya su take yi. Takan ce kowa ya fi sakin jiki da labarin shigarsa aure, in ya bayar da shi, yadda abin ya ƙare zai fito da kansa. Kuma ba ta karɓar amsar wani daga bakin wani. In maigida ya gyara zama zai amsa wa kowa, sai ta yi dariya ta ce ya ji da nasa shekarun tukuna, tunda ta ga ya fara zaftare su.

'Yar wani tsohon tela ce ta ba da labarin da ya sa aka rubuta wannan. Ranar da Mai Kujera ta zo gidansu, 'yar telan ta tare ta a ƙofa ta yi mata raɗa. Mahaifiyarsu ta rasu tun bara, amma Baba ya ƙi yarda. Cewa yake ta yi tafiya. Takalmanta na nan bakin ɗaki, ba mai taɓawa. Ya rufe keken ɗinkinsa, abinci sai an yi da gaske, yana ta ramewa a kan idonsu. Ta roƙe ta da ta rubuta abin da ya faru kawai, kada ta tambaye shi.

Mai Kujera ta auna lamarin. In ta tambaye shi kai tsaye zai ce yana da mata, sai dai ta rubuta ƙarya ko ta ƙaryata dattijo a gaban 'yarsa. In ta tsallake shi, ta mayar da shi kamar ba ya nan. Sai ta ajiye kujerarta kusa da tabarmarsa, suka gaisa.

"Baba, kana da shekara nawa ka yi auren fari?"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce ashirin da huɗu, lokacin ko keken kansa bai mallaka ba. Wata yarinya ta kawo gyaran riga shagon maigidansa, shi kuma ya ɗinka hannun a karkace da gangan don ta dawo. Ta dawo da faɗa, ya sake karkata ɗayan. Ashe ta gane shi tun farko, ba ta faɗa masa ba sai da suka yi jikoki. Ya yi dariya har da tari, 'yarsa na tsaye baki buɗe, don ba ta taɓa jin labarin ba.

Da dariyar ta lafa, ya dubi biron da ke hannun Mai Kujera.

"Akwai sauran tambaya, ko?"

"Akwai, Baba. Amma ba sauri nake ba."

Ya juya ya kalli takalman nan.

"Rubuta, 'yata. Ta rasu. Allah ya jiƙanta."

Ranar ce ya fara faɗar haka da bakinsa. Shi da 'yarsa suka yi kukan da suka daɗe suna ɓoye wa juna, Mai Kujera na zaune tare da su har suka gama. Ba a jima ba maƙwabta suka sake jin ƙarar keke daga gidan.

Ke ce, Mai Kujera, kika san cewa bayan kowace lamba akwai mutum mai ciwo a zuciya. Ke ce ba ki rubuta ƙarya don ki huta ba, ba ki kuma jefi kowa da gaskiya ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ki hutu cikin lafiya. Matasan da za su ɗauki jaka bayanki, ku nemi wuri ku zauna, ku bar mai amsa ya amsa.

'Yar telan ta ce aikin farko da Baba ya yi bayan ya buɗe keken shi ne ɗinka ɗan matashin zama, daidai faɗin kujerar. Har yau a kansa Mai Kujera take zama. Gefe ɗaya a karkace yake, kuma ta hana kowa ya gyara.