Tayar Bazara ta Keken Maigida

Ni ba mai fita ba ce. Tsakar gidanmu da ke Birni ta ishe ni, amma kunnena ya fi ƙafata yawo. Ina tankaɗe ina sanin wanda ya wuce bayan katanga: amalanken mai ruwa da ke kuka kamar ƙyaure, moton maƙwabci mai tari, sai keken maigidana, wanda nake jiyowa tun yana kan kwalta, kafin ya karyo lungu. Da na ji shi nake ɗora ruwan tuwo.

Maigida baduku ne. Ranar kasuwar Dogo yakan ɗaure takalma da jakunkuna a bayan keke ya kama hanya da sassafe. Keken irin na hawan duwatsu ne, na gwanjo, tayoyinsa da haƙora zaƙo-zaƙo. A damina ya saye shi, kuma a cikin laka babu kamarsa.

Da bazara ta shigo, ƙasa ta bushe ta yi tauri, sai ya fara dawowa a makare yana jan ƙafa. Ran nan ya jingina keken, ya zauna a kan turmi.

Ya ce, "Ke, ƙarfi ya ƙare. Zan bar zuwa Dogo, in sayar da abin nan in zauna rumfa."

Kasuwar nan ce ke riƙe da shi a tsaye. Can abokansa suke, daga can yake kawo mini labari da ƙuli-ƙuli.

Na ce, "Malam, ba kai ka tsufa ba, tayar nan ce ke shanye ka. Ba ka jin gurnaninta?"

"Ke da ko sirdi ba ki taɓa hawa ba?"

"Ban hau ba, amma ina ji. Keken mai burodi sulu yake wucewa. Naka kamar injin markaɗe. Duk abin da ke wannan ƙara aiki yake yi, kuma da cinyarka yake yin sa."

Ya yi dariya ya ce in kawo masa ruwa.

Washegari da ya tafi rumfa, na yafa mayafi na tura keken da kaina har wurin mai gyara a bakin kwalta. Matan lungu suna ta leƙe, wata ta tambaya ko gobara aka yi a gidana.

Mai gyaran ya fito da tayoyi. Na ce ya ɗaura kowace a kan ƙafar keke ya gara ta a siminti, ni kuwa na rufe ido. Ta farko gurnani, irin tamu. Ta biyu ko motsinta ban ji ba.

Na ce, "Wannan."

Ya ce, "Inna, wannan sumul ce. Za ta kai Malam kasuwar Dogo kamar tsuntsu, ta dawo ta zubar miki da shi a yashin ƙofar gida."

Gaskiyarsa, na manta da yashinmu. Sai ya gara ta uku. Wani ɗan siririn sauti take yi, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Na buɗe ido na shafa ta: tsakiyarta lumui, ƙananan haƙora a gefe da gefe.

"A kwalta da burji tsakiyar ke gudu," in ji shi. "In ya shiga yashi, gefen ya kama."

Na ce ya sa irinta gaba da baya. Tsofaffin na ɗauko su a ka, na rataye a zaure, su jira damina.

Maigida ya gani, ya murza gemu. Ranar kasuwa ya ɗaure kaya ya tafi.

Ina zaune ina tsince wake, rana ba ta ko yi sanyi ba, kunnena na kan kwalta. Sai sallama na ji a kaina. Ga shi tsaye da keke a tsakar gida, yana murmushi, ko haki babu.

"Ina tuwo?"

"Ban ji zuwanka ba, Malam."

"To ai ke kika zaɓa."

Ya miƙo mini ƙuli-ƙuli, ya hau ba ni labarin yadda ya wuce wani mai jaki da wasu samari biyu a kan hanya. Maganar sayar da keke ba ta sake tashi ba. Ni kuwa yanzu inuwar katanga nake dubawa in ɗora ruwan tuwo.