Fartanyar Da Na Ba Da Aro

Shin da na buɗe baki a ranar nan, da gaske uwata za ta tsine mini, ko tsoro ne kawai ya sa ta faɗa? Na tsufa ina wannan tambaya, kuma duk masu amsa ta suna ƙasa. Ban yi karatu ba. 'Yata ce ke rubuta mini, ita ma yau ta fara jin labarin, shi ya sa muke tsayawa mu share hawaye.

A lokacin ina matar aure mai goyo, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, shekarun da aka fara sako ruwa a manyan magudanai, mutane suka koyi noman alkama da rani. Kowane layin gonaki da ranar ban ruwansa. Wani mutum da gonarsa ke sama da tamu ya saba toshe ruwa ya karkatar wajensa, har maigidana ya yi cacar baki da shi a kasuwa, kowa ya ji. A garinmu kowane manomi yakan ƙona alamarsa a ƙotar fartanya don kada ta ɓace a wajen gayya. Ta maigidana zane uku ce.

Wata rana da hantsi maigidana ya tafi daji neman sanmu da ya tsinke. Sai ga yayana, wanda gonarsa ke ƙasa da tamu, ya shigo har tsakar gida, ya ce in ara masa fartanya, tasa ta karye, alkamarsa na ƙonewa. Na miƙa masa ta maigidana, har ina tsokanarsa cewa bai taɓa mayar da kayan aro ba. Kafin azahar aka tsinci mai toshe ruwan nan a bakin magudana, ba rai, ga fartanya mai zane uku a gefensa.

Kafin 'yan sanda su iso, uwata ta riga su. Ta ja ni ɗaki, ta kama nononta, ta ce ɗanta namiji ɗaya ne, in na ambace shi ba ta yafe mini abin da na sha ba. Da aka tambayi maigidana wa ya ɗauki fartanyar, ya ce shi dai a gida ya bar ta. Ya dube ni sau ɗaya. Na sunkuyar da kai. Ba wanda ya gan shi a daji, kowa kuwa ya ji faɗan kasuwa. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Shekara goma sha huɗu ya yi. Nakan je birni da dambu a ƙwarya, in gan shi ta bayan ƙarfe. Yakan tambaye ni ko yarinya ta yi haƙora, ko sa ya dawo, ko alkama ta yi kyau bana, alhali gonar ma an ba wani. Bai taɓa tambayata fartanya ba. Dangi suka ce in je alƙali ya raba auren, na ƙi, suka riƙa yabon haƙurina, ni kuwa yabon na ƙona ni. Yayana ya tafi kudu, can ya rasu. Bayan uwata ita ma ta rasu, na je wurin mai unguwa na faɗi komai. Ya ce baiwar Allah, wa zai karɓi shaidar mace a kan mijinta, tana ɗora wa mamaci?

Da aka yi wa fursunoni marasa lafiya afuwa maigidana ya dawo, da tari da furfura. 'Yarsa ta gaishe shi kamar baƙo. Yakan tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa yana jiran a ce ya fito. Yakan ɓoye loma a aljihu. In ruwa na gudu a magudana, sai ya zauna yana kallo har rana ta yi sanyi. Kullum nakan ce gobe zan faɗa masa, har shekara biyu.

Ku da kuka san gaskiyar da za ta kuɓutar da wani, ku faɗe ta tun tana da amfani. Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ban ga inda ta halatta a ɗaure marar laifi ba. Na yi shiru don in tsira da albarka, ban sake barci mai daɗi ba.

Ranar da maigidana zai cika, da la'asar, na durƙusa kusa da shi na fara magana, kuka ya ci ƙarfina. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce:

"Bari, baiwar Allah. Wane namiji ne zai shiga har tsakar gidana in ba yayanki ba? Tun ranar na sani. Ban so a raba ki da uwarki ba. Na yafe miki tuntuni. Ba ni ruwa in sha."