Ruwan da ke Bayan Dutsen Goggo Talatu

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na ɗauki biro, kuma sau uku ina farawa ina yagewa. Karatuna bai wuce firamare ba, ga shi yawancinku masu digiri ne. Amma ba wannan ya fi damuna ba. Akwai alkawarin da na ɗauka ban cika ba, kuma ba yadda zan ba da labarin nan ban tona kaina ba. In na ƙara wa mamaciya abin da ba ta faɗa ba, Allah ya yafe min, wanda ya fi ni tunawa kuma ya gyara.

Ni ne Sabo tela na unguwar Setapak, a nan ƙasar waje da muke zaune. Goggo Talatu yayar mahaifina ce, gida ɗaya muka zauna a hawa na huɗu. Duk wanda ya taɓa cin masar Juma'a a unguwar nan ya san ta, kuma duk wanda ya taɓa zama kallo a falonta ya san rimot ba ya barin hannunta. Finafinan Sin da Indiya take so, irin waɗanda mutane ke tashi sama da takobi, macizai suna magana. Sai faɗa ya yi faɗa, kowa ya miƙe tsaye, sai ta danna ta tsayar.

"Haba Goggo! Yanzu fa zai sare shi!"

"To ya sare shi mana, ɗan uwana ne? Ku matsa min. Ku dubi dutsen can na bayansu. Kai, Allah mai halitta!"

Ba ta san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba. Amma ka nuna mata dutse, za ta gaya maka a wane fim ya fito, da irin bishiyar da ke gefensa. Takan ɗauki hoton talabijin ɗin da wayarta, ta ajiye, ta ce wata rana sai ta je.

Kafin korona kusan kowane wata sai ta ja ni wani wuri. Akwai ranar da muka je wani ruwa mai zubowa daga kan dutse a hanyar Rawang. Muka yi ta hawa har rigata ta jiƙe sharkaf. Da muka isa ta ɗaga wayar, ta dubi hoton, ta dubi wurin. Ko kama babu.

Na ce, "Goggo, ba nan ba ne."

"Nan ne. Bishiyar ce ta girma."

"A hoton fa dutsen yana dama."

"Sun gyara wurin. Kai ba ka san mutanen ƙasar nan da gyare-gyare ba?"

Na dawo gida da matsattsaku uku a ƙafa, ita ko ɗaya babu. Tana cire min su da gishiri tana cewa, "Sun san mai tsoro. Jininsa ya fi gudu."

Akwai wani tsohon faifai da ta fi ƙauna, duk ya karce. A ciki wata mace mai fararen kaya take tashi ta ƙetare wani dogon farin dutse mai tsini-tsini kamar bayan kada, ta sauka a wancan gefen, inda akwai wani babban ruwa da ƙananan tsibirai. Goggo ta rantse a ƙasar nan dutsen yake. Malam Bashir kuwa, maƙwabcinmu da ke digiri na uku a kan kwamfuta, wanda take kira Dakta tun kafin a ba shi, ya ce babu wannan dutse a duniya.

"Goggo, duk abin da kike gani a allon nan ƙarya ne. A ɗaki ake zana shi."

"Kai aka kira ka riƙe musu fitila?"

Sai aka saka dokar kulle. Ni dai na kusa zaucewa. Ina wanke hannu, in wanke famfon, in sake wanke hannun saboda na taɓa famfon. Goggo kuwa ta ce ita da lif sun rabu, ba za ta shiga akwatin da kowa ya yi numfashi a ciki ba. Benenmu hawa goma sha bakwai ne, kusan kowane hawa da ɗaliban da suka maƙale. Sai ta ɗora kular abinci a ka, ta bi matakala tana ajiye musu tapau, wato ƙunshin abinci, a ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta wuce. Ni ina biye da kwalbar maganin wanke hannu ina haki.

Wata safiya na tsaya hutawa a hawa na sha biyu, sai na ji ihunta daga sama. "Sabo! Sabo!" Na ce shi ke nan, ta faɗi. Na haura ina salati. Na tarar da ita a hawan ƙarshe, ta sauke takunkumi, ta riƙe ƙarfen baranda. Motoci sun daina yawo, sama ta washe tas, ga wani farin dutse mai tsini-tsini can bayan unguwar Wangsa Maju.

"Ga shi can! Shekara nawa ina yawon nemansa, ashe yana bayan gidana yana kallona!"

Aka kira Dakta. Ya tsaya nesa da mu, ya duba, ya ce dutse dai dutse ne. Goggo ta ce a bayansa akwai ruwa da tsibirai, in babu ta daina kallon fim har abada. Ya zaro waya zai buɗe taswira, ta ɗaga masa hannu.

"Kul! Kai ka ce duk abin da ke allo ƙarya ne. Yanzu kuma da allo za ka raba mana gardama? Da ido za a gani."

To ga inda laifina ya shigo. Nura, babban ɗanta da ke Kano, ya ji labari. Ya san tana da hawan jini, ga gwiwa. Ya kira ni ya ce da zarar an buɗe hanya zai aiko mata da tikiti ta koma gida gaba ɗaya. Ya ce, "Sabo, amana na ba ka. Ka yi min alkawari ba za ka bar ta ta hau dutsen nan ba." Na ce na yi. Dama ni ma abin da nake so ke nan.

Wata da watanni dokar tana sassautawa tana dawowa. Goggo ba ta fasa ba. Ranar da babu abincin kaiwa, ƙaramin buhun shinkafa take ɗorawa a ka ta haura. Da aka yi mana rigakafi aka bar mutane su fita, saura kwana goma jirginta ya tashi. Na same ta tana jiƙa shinkafar masa ranar da ba Juma'a ba, sai na gane shirin hawan dutsen take yi.

"Goggo, na yi wa Yaya Nura alkawari zan hana ki."

"To hana ni."

"Goggo, na hana ki."

"Madalla, ka cika alkawari. Je ka sayo mana ruwan gora."

Wani dattijo Bamale, ɗan ƙasar nan, da muke sallah tare, wanda ya san hanya mai sauƙi, shi ya nemo takardar izini ya yi mana jagora. Sau huɗu na sa Dakta ya karanta min takardar. Dakta ya zo da sabon takalmi da sanduna biyu da hula mai baki. Goggo ta zo da zaninta da kambas, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta yi gammo, ta ɗora kular masa. Masu hawa suna wuce mu da jakunkuna, su waiwayo, su sake waiwayowa.

Rabin hanya muka zo inda sai an kama igiya. Nan ta zauna a kan wata saiwa. Can ta ce a hankali, "Sabo, gwiwar nan tana min magana."

"Mu koma, Goggo. Don Allah. Ba wanda zai yi miki dariya."

"In na koma Kano, Nura zai zaunar da ni a falo, ya ba ni rimot. Shi ke nan fa. Sai kallo."

Ban san abin da ya shige ni ba. Ni da nake tsoron hawa kujera in canza ƙwan fitila, ni na durƙusa na ce ta dafa kafaɗata. Ba wanda ya tilasta ni. Nan na karya alkawarin, da hankalina. Ta sauke kular ta miƙa wa Dakta.

"Ungo, Dakta. Kai ne mai ƙaton kai, a yi amfani da shi."

Haka muka haura, tana kama igiya, ina tura ta, dattijon yana ja, Dakta a baya da kula a ka yana cewa sandunansa sun zame masa kaya. Da muka fito sarari ta ture hannuna, ta taka sauran da kanta. Ta leƙa wancan gefen.

Jama'a, ruwa! Ruwa shimfiɗe, kore shar, ga tsibirai ƙanana a ciki, hazo yana tashi a kansu!

Goggo ta sa hannu a hanci ta rangaɗa guɗa. Ta sake. Ta sake, har dutsen yana amsa mata. Masu hawan da ke wurin suka firgita, sannan suka fashe da tafi suna cewa, "Makcik boleh!", wato inna ta iya. Ta buɗe kula ta raba musu masa da yaji. Wani tsoho ɗan Sin ya yi ta tari yana hawaye, yana miƙo hannu a ƙara.

Dakta ya goge tabarau ya ce, "Goggo, ruwa dai akwai. Amma tashin da matar nan ta yi..."

"Wannan ka bar wa kwamfutarka. Ni da ƙafata na zo."

Don kada in ɗauki alhaki: ban ce a can aka ɗauki fim ɗin ba. Ban sani ba. Na dai ce ta ce akwai ruwa, kuma akwai.

Ta koma Kano a ranar da aka sa. Ba ta yi shekara ba Allah ya karɓi abarsa, a ɗakinta, bayan sallar walaha. Allah ya jiƙan Goggo Talatu, ya yafe mata, ya saka mata da kowace loma da ta haura da ita ƙofar wanda ba shi da mai dafa masa. Allah ya ba ta gida a inda ƙoramu ke gudana, ta gani da idonta.

A watan jiya na yi ƙarfin hali na kira Yaya Nura na gaya masa komai. Na ce ya yafe min. Sai ya ce, "Ta yi murna?" Na ce ta yi. Ya ce, "Akwai hoto?"

Babu. Ranar ban ko tuna da waya ba. Amma na ga mutum biyu ko uku cikin masu hawan suna ɗaukar ta lokacin guɗar, kuma an ce min wani ɗalibi a Titiwangsa ya taɓa ganin bidiyon a wayar abokin karatunsa. Don Allah, wanda ya gani, ko ya san wanda ya gani, ko da rabin minti ne, ya same ni a shago. Ɗanta yana so ya ji muryarta a kan dutsen nan.